Talibambam Biyu a Bokitin Wanka

Gidan yari, New Bell, Litinin

Zuwa ga Maman Asta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Asta. Ni ma lafiya, sai zaman wuri ɗaya. An karɓe waya, shi ya sa na ba tsohuwata Inno takardar nan ta sako a kwandon abinci.

Lauya ya ce ba za a sake ni ba sai an ga yadda jikin mutumin da na buge da moto, babur ɗin nan nawa, zai kasance. To, kifin nan ba za su iya jira ba. Talibambam biyun suna bokitin wanka tun ranar, kuma ban gama haɗa akwatin gilashin ba. Ki wanke yashin da na ɗebo daga Sodiko, ki shimfiɗa a ƙasa, ki jera saiwoyin itacen bakin ruwa da ke bayan ƙofa. Ruwan zartsi suke so, ba na famfo zalla ba, ba kuma na teku ba. Bidon ɗin ruwan zartsin, jarkar da na ɗauko ranar, ya fashe a kan titi, sai dai ki haɗa da kanki. Gishirin teku na cikin leda shuɗiya, kada ki sa na miya. Ki narkar da shi a roba, ki jefa ɗan ma'aunin gilashin nan mai iyo, har ruwa ya tsaya a jan zaren da na ɗaura masa. Injin iska ya kwana a kunne.

Ki gaishe da mutanen gida.

Naki,
Sadiƙ

New Bell, Alhamis

Baban Asta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Na yi abin da ka ce. Sau uku ina zubar da ruwa kafin ya tsaya a zarenka. Suna ciki yanzu. Kuran kuwa, wutar lantarkin nan tamu, ka san halinta, da ta ɗauke injin ya tsaya, sai in tsuguna ina motsa ruwa da ludayi kamar mai dama kunu. Matan layinmu sun mai da falon wurin kallo. Suna cewa jaje suka zo, amma idonsu na kan gilashi. Jiya Asta ta tsoma yatsa, babban ya kumbura ya zama kamar ƙwallo, ta ruga bayan kujera tana kuka.

Ba ka gaya mini suna cizon juna ba. Babban ya gutsure wa ƙaramin wutsiya.

Inno ta ce kana tambayar yaushe zan zo. Ba yanzu ba.

Allah ya kawo sauƙi.
Kulsum

Gidan yari, Asabar

Maman Asta,

Salamu alaikum. Na ga takardarki, Allah ya yi miki albarka.

Ki raba su yau ɗin nan. Murfin kwandon roba zai shiga tsakiyar akwatin, ruwa ya ratsa amma su ba za su haɗu ba. Kada Asta ta sake sa hannu, haƙorinsu na yanka, naman jikinsu kuma dafi ne. Ki samo musu ƙananan katantanwa da ɓawonsu, in ba su tauna abu mai tauri ba haƙoran kan yi tsawo har su kasa ci. Ki riƙa kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kina zuba sabo.

Daga inda nake ina jin kiran sallar masallacinmu. Tafiyar ƙafa ce tsakaninmu, amma ba ki leƙo ba. Inno ta ce kullum da safe kina fita da kular abinci, ba kya dawowa sai la'asar, kuma ba kasuwar Sandaga kike zuwa ba. Na zauna, na tashi, na zagaya tsakar gidan nan har wani ya tambaye ni ko ciwon ciki nake. Ina kike zuwa, Kulsum?

Mijinki,
Sadiƙ

New Bell, Laraba

Baban Asta,

Wa alaikumus salam.

Lopital nake zuwa, asibitin da aka kwantar da mutumin da ka buge. Sunansa Papa Ekwalla. Takarda biyu ka rubuto, ka faɗi gishirin da ya dace da wanda bai dace ba, amma shi ba ka tambayi ko sunansa ba.

Ƙugunsa ne ya karye. An yi aiki, likita bai yi alkawarin zai sake takawa ba. Tsohon tela ne daga Ndogpassi, jikarsa ya je dubowa a Bonabéri ranar. Zuwana na farko 'yarsa Odile ta tare ni a ƙofa, ta ce, "Madam, me kika zo nema?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ki koma." Na zauna a benci har yamma. Washegari ma haka. Ana nan tsohon ya ji ƙamshin farfesu, ya ce a shigo da mai kular.

Shekaranjiya ya tambaye ni, "Mijinki me yake sauri haka?" Na gaya masa gaskiya: ruwa ka ɗauko wa kifi, kana tsoron ya yi zafi a hanya. Ya daɗe yana kallon silin. Sai ya ce, "Kifin ci?" Na ce a'a, na kallo.

Ɗansa babba ba ya amsa gaisuwata. Shi ne ya ce sai kotu.

Na raba su kamar yadda ka ce, amma na makara. Ƙaramin ya mutu jiya. Na binne shi nesa da kaji.

Kulsum

Gidan yari, Juma'a

Kulsum,

Salamu alaikum. Na karanta, na ninke, na sake buɗewa.

Lauya ya taɓa faɗin sunan, na ce ya bari. Ni na ɗaga kansa daga kwalta. Ruwan bidon ya jiƙa masa riga, yana ta lalube yana cewa a nemo masa tabaransa, ni kuma na ga tabaran a ƙarƙashin taya. Duk lokacin da na ɗauki biro in tambaye ki shi, sai hannuna ya koma kan gishiri da yashi, don su na san yadda ake gyara su.

Ga wata takarda a ciki, da Faransanci na rubuta masa. Ban roƙi ya janye ƙara ba, kada kuma ki roƙa a madadina. In Odile ta ce ba za a karanta masa ba, ki dawo da ita. Ki tambaya ko an samo masa wani tabaran.

Babban kifin, in ya ishe ki, ki ba duk wanda zai iya da shi.

Na gode da zaman benci.

Sadiƙ

New Bell, Lahadi

Baban Asta,

Wa alaikumus salam. Asta na gaishe ka.

Odile ta karanta masa, ya sa ta maimaita, sannan ya tura takardar ƙarƙashin filo. Kifin na nan, yana cin katantanwa, ban ba kowa ba.

An sa zaman kotu Talata. Ɗan ya ce ba sai tsohon ya je ba, shi kuwa ya ce ko a kujera ne a ɗauke shi a kai shi, yana da magana. Bai gaya wa kowa abin da zai faɗa ba, har ni.

Inno za ta kawo maka farar riga gobe. Zan zauna a layin baya.

Sai mun haɗu.
Kulsum