Koren Gyalen Da Na Ɓoye

Zuwa ga Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'imar da ta fi wadda na iya ba ki a gidanmu na Kinkinau. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Abin bai dame ni sosai ba, don ko lokacin da kike raye ba karanta dogon rubutuna kike yi ba. Sai ki duba farko, ki duba ƙarshe, ki ce in faɗa miki abin da ke tsakiya da baki. Yau dai shekara uku da wata huɗu ba wanda ya katse ni, kuma ban ji daɗin hakan kamar yadda na zata ba.

Ga labarin gida. 'Yarmu Nafisa ta haihu, mace, ranar wata Talata da hantsi. An sa mata sunanki, ana kiran ta Ummi. Hancinta irin nawa ne, Allah ya ba ta haƙuri. Mai jego tana wanka a gidan Yaya Hauwa a Unguwar Sarki, kuma yayarki ta riƙe ta kamar yadda za ki riƙe ta, sai dai ruwanta ya fi naki zafi. Ɗanmu Sadiƙ ya gama bautar ƙasa, ya dawo da gemu da ra'ayi a kan komai. Ni ina nan a ɗakin karatu na kwaleji, ina gadin littattafan da ɗalibai ke zuwa su ɗauki hoto a gabansu.

Yanzu sai laifina. Kin tuna koren gyalenki mai zanen ganye a baki, wanda kike yafawa in za ki leƙa maƙwabta? Ranar da 'yan'uwanki suka taru suna haɗa kayanki don a raba, sun neme shi har ƙarƙashin katifa. Yaya Hauwa ta ce wanki aka kai bai dawo ba. Ina zaune a falo ina amsa gaisuwa, ina jin su, ban ce uffan ba. Gyalen yana cikin leda a bayan manyan ƙamus ɗina guda biyu, wurin da na tabbata ba wani ɗan gidanmu da zai taɓa kai hannu. Ni na sace shi, Rabi. Mutumin da ya karanta babin gado tun yana saurayi.

Ƙamshinki na sata, ba yadin ba. In abin ya taso mini sai in rufe ƙofa, in kwance ledar, in shaƙa, in mayar. Kamar mai shan magani a ɓoye. Amma a daminar bara na buɗe na ji ba komai sai warin takarda da leda. Na juya shi, na shaƙi gefe, na shaƙi tsakiya. Shiru. Fuskarki tana cikin hotuna, muryarki tana cikin wayata kina aiko ni cefane. Ƙamshi fa, a ina ake ajiye shi? Na tsorata ƙwarai, don na gwada tuno shi a raina na kasa.

Na shiga kasuwa ina bin masu humra ɗaya bayan ɗaya, ni da na shekara ashirin da huɗu ina cewa turare ciwon kai yake sa ni. Duk wadda na shaƙa sai in ji matar wani. Na roƙi Yaya Hauwa ta haɗa mini irin taki, na ce kyauta zan yi. Ta haɗa da farce da sandal da almiski kamar yadda mahaifiyarku ta koya muku. Ya yi kusa, amma kamar miyar da aka manta wani abu a ciki, kowa ya san da saura, ba wanda ya san mene ne.

A lokacin Nafisa tana da cikin wata bakwai. Wata rana ta zo gida ta zauna a kujerarki, ta ce ba abin da take so irin ta kifa fuskarta a kafaɗarki ko na minti ɗaya ne kafin ta haihu. Me zan ce mata? Na ba ta labarin yadda mata suke haihuwa tun zamanin da ba asibiti. Kin san ni, in na rasa abin faɗa sai in kama tarihi. Bayan ta tafi na yi wa kaina alkawari zan nemo mata kafaɗar nan, ko ta halin ƙaƙa.

Ita ce ma ta kawo hanyar ba ta sani ba. Cikin ya sa ta tsani duk wani turare mai nauyi, har mijinta ya koma shafa nasa a mota. Sai wata ƙawarta ta haɗa ta da Malama Laraba, wata tsohuwar malamar kimiyya 'yar Kudancin Kaduna, wadda bayan ta yi ritaya ta mayar da ɗaki guda a gidanta na Hayin Banki wurin haɗa turaren mai, duk na ƙamshin 'ya'yan itace. Nafisa ta ɗauki kwalabe shida 'yan ƙanana, ba su kai ɗan yatsa ba. Bayan sati biyu su ma hancinta ya ƙi su, ta juye mini a kan tebur ta ce in gwada, tunda na zama ɗan kasuwar turare.

Na yi dariya har da tari. A jikin kowace an manna takarda da rubutun malaman makaranta: agwaluma, yazawa, tsamiya, goruba, mangwaro, goba. Na ce wannan ai tiren talla ne. Amma kin san ba a ajiye mini abu mai lakabi in ƙi bin sa a jere. Na ware littafi, na ja layi, kullum in gwada ɗaya in rubuta.

Agwaluma ta fara da tsami har yawuna ya tsinke, bayan awa guda ta kwanta ta yi zaƙi, kamar mutumin da ya shigo da faɗa ya fita da ban haƙuri. Yazawa ta bi ni ofis, wata ma'aikaciyarmu ta yi ta duba ƙarƙashin tebura tana neman wanda ya shigo da abinci ɗakin karatu, ni kuma ina taya ta nema. Tsamiya ta tuna mini kunun azumi, na yini ina jin yunwa. Goruba kuwa dattijuwa ce, ƙamshinta a bushe, mai ɗumi, ba ta ɗaga murya. Ita kaɗai na rubuta wa cewa mai furfura zai iya fita da ita ba a nuna shi da baki ba.

Mangwaro ne ya tona mini asiri. Kin san al'adar sahunmu ran Juma'a: kafin liman ya hau mumbari wani zai fito da 'yar kwalbarsa ya bi na kusa da shi yana goga musu a bayan hannu. Ranar nan na ce bari in yi abin arziki da gorubata. Na zura hannu a aljihu ban duba ba, na bi dattawa bakwai ina goga musu, kowa yana cewa Allah ya saka. Sai da na zauna na ji sahun gaba ɗaya ya koma gindin bishiya a watan bazara. Alhaji Sani mai katako ya kai hannunsa hanci, ya sauke, ya sake kaiwa, ya juyo ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya zo ta'aziyya da kalangu. Ƙudaje biyu suka zaɓi ladan. Huɗubar ranar a kan haƙuri aka yi ta, kuma na ga amfaninta nan take.

Kin san ƙarshen abin? Bayan la'asar sai ga Alhaji Sani a ƙofar gida, yana waige-waige, wai Hajiyarsa ce ta ji ƙamshin ta ce ya tambayo inda ake samu. Na ba shi kwatance. Juma'ar da ta biyo baya shi da kansa yana tashin mangwaro tun daga wurin alwala.

Goba na bari ƙarshe, don ban ɗauke ta da daraja ba. Ranar Asabar da safe na sake gwada humrar Yaya Hauwa a wuyan hannuna, na ji dai ba ke ba ce, sai na ɗauko kwalbar ƙarshe don in cike layin littafina, na ɗiga a wuri guda. Na kai hanci.

Rabi, sai da na nemi kujera.

Ji na yi kamar durowar kayanmu ce ta buɗe a gabana. Ke ce kike sayo goba ɗanya-ɗanya, ki naɗe a tsohon ɗankwali, ki tura can cikin zannuwanki wai ta nuna a nan, inda yara ba za su gani ba. Duk lokacin goba haka kike yi, har katakon durowar ya riƙe ƙamshin, rani da damina. Humra daga sama, goba daga ƙasa. Ta yaya na manta? Yaya Hauwa ta san abin da ke cikin kwalbarki, amma ba ta san abin da ke cikin durowarki ba. Ni kaɗai na sani, ni kuma na yi ta yawo kasuwa ina tambayar baƙi.

Ga laifi na biyu, wanda ya fi na gyale nauyi. Kin tuna shekarar da na kwashe kaftanaina daga durowar na mayar akwati, na ce na gaji da zuwa ofis ina wari kamar kwandon mai talla? Kin yi dariya, amma na ga kin ɗan tsaya kafin ki yi ta. Ƙarya nake yi. Wani abokin aiki ne ya tsokane ni sau ɗaya, girman kai ya ɗebe ni. A wancan lokacin in na gaji da aiki nakan sunkuyar da kai in shaƙi wuyan rigata in ji gida. Shekara goma sha ɗaya kayana suna akwati suna warin kafur, ban iya buɗe baki na ce a mayar da su ba. Me ya hana ni? Kalma nawa ce?

Ranar Litinin na ɗauki gyalen da humrar na tafi Hayin Banki. Malama Laraba doguwa ce mai tabarau, tana magana kamar har yanzu akwai allo a bayanta. Na tambaye ta goba nawa take matsewa kafin ta cika kwalba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ko ɗaya, ɓawon lemo ne kawai ke ba da mai, sauran duk haɗi ne take yi ɗigo-ɗigo har hanci ya yarda. Na ji kamar na faɗi jarrabawa. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ba ta yi mini dogon jaje ba. Ta ce ita ma hular mijinta tana nan a cikin gwangwani. Sannan ta jawo takarda ta fara tambaya: goba mai jan ciki ko fara? Nunanniya luguf ko wadda ta fara nuna? Katakon durowar wane iri ne? Kina turara kaya da turaren wuta ko a'a?

Duk na amsa ba gargada. Mai jan ciki. Wadda ta fara nuna, don ba ki taɓa haƙurin barin ta ta kai ba. Ashe na san ki fiye da yadda na san duk abin da na karanta.

Sau uku ina komawa. Na farko goba ta yi yawa, kin fito kamar lambu. Na biyu hayaƙi ya danne, kin fito kamar Yaya Hauwa. Na uku ina shaƙa ta dubi fuskata, sai ta miƙa mini alƙalami ta ce in rubuta sunan turaren da kaina. Na rubuta Rabi. Ta ce wannan haɗin ba za ta yi wa kowa ba, ko Alhajin mangwaro.

Ban samu na cika alkawarin kafin haihuwar ba, jikarki ta riga mu da kwana tara. Amma bayan suna da kwana biyu na ɗiga uku a gyalen, na bar shi ya kwana a durowa, na ninke na sa a aljihun babbar riga na tafi Unguwar Sarki. Aka kawo mini jaririya falo. Na yi mata addu'a, na lulluɓe ta da gyalen, na ce a mayar wa uwarta. Ban yi bayani ba. In na yi kuskure, ai gyale ne kawai.

Ba a yi minti biyu ba sai ga Nafisa ta fito, ita da aka hana taka tsakar gida ba takalmi. Ta rungume yarinyar, ta tura fuskarta cikin gyalen, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta motsi. Da ta ɗago, hawaye har haɓa, amma dariya take yi. Kalma ɗaya ta faɗa, sunan da take kiran ki da shi.

Sai Yaya Hauwa ta biyo ta da faɗan takalmi, ta yi turus, ta kama bakin gyalen ta duba zanen ganyen, ta juyo gare ni a hankali. Ta ce Malam, ashe mai wankin yana da digiri biyu. Shekara uku tana zargin bawan Allah. Na amsa laifina a gaban mata shida, na nemi yafiyar magada, kowa ya yafe. Hukuncin da ta yanke shi ne gyale na takwara ne, kwalba kuma a raba biyu, rabi nata. Ban ɗaukaka ƙara ba.

Jiya na je na sake ɗaukar Ummi. Gyalen yanzu yana ƙamshin humra da goba da tumbuɗi, kuma ina ganin wannan haɗin ya fi na Malama Laraba. Yarinyar tana barci a cikinsa kamar ta san mai shi.

Ni kuma na mayar da kaftanaina durowa. Na sayo goba huɗu masu jan ciki na naɗe na tura ciki. Biyu sun rage, don ni ma ashe ba ni da haƙurin. Gobe Litinin zan shiga ofis ina wari kamar kwandon mai talla, kuma duk wanda ya yi magana zan gaya masa sunan turaren.

Ki yafe mini shekara goma sha ɗayan nan. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa in tamu ta zo in gane ki tun kafin in gan ki.

Mijinki,
Yusha'u, ɓarawon gyale