Sakatar Ƙofar Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da yara da maƙwabta. Yaya ciwon gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi.

Albishirinki, Auta ta sauka lafiya, mun sami mace. Yaya, na yi jika. Da hannuna nake rubuta miki wannan, don ban yi zaman bencin ajin yamma da furfura a kaina ba sai don irin wannan rana. Yarinyar ta ɗauko hancin marigayiya kakarta sak. Na riga na gaya wa ubanta cewa amaryata ce, kada wani ya yi min shigar sauri. Gadon da na yi mata na katako ne mai kyau, na goge shi da samfefa har sai da ɗan yatsana ya daina jin kaushi.

Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye miki ba, tunda ke kika riƙe Auta bayan rasuwar uwarta. Tun da ta dawo daga asibiti ba ta barci, abinci sai an matsa. Tana zama ta zuba wa bango ido. Ta gaya wa mijinta wai wata murya tana ce mata za ta cutar da jaririyar. Mun ɗauka gajiyar haihuwa ce.

Shekaranjiya da hantsi aka kasa tayar da yarinyar ta sha nono, jikinta ya saki kamar tsumma. Muka ruga asibiti. Allah ya taimaka ta farfaɗo, amma nas ta tambayi abin da uwar take sha. Da mijin ya duba jakar kayan jariri, sai ga kwalaben maganin tari a ƙarƙashin zannuwa, duk babu komai a ciki. Ashe ta nono abin ya bi ya shiga jikin yarinyar.

Uwar mijin ta naɗe amaryata ta tafi da ita gidanta. Gadon yana nan a ɗaki, babu kowa a ciki.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Kafinta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na ga saƙonki. Kin ce in kawo miki ita. Na gode, amma tafiyar ta yi mata nisa a halin da take, kuma ba za ta yarda ta bar garin da 'yarta take ba.

Mun je wurare biyu. Na farko gidan da ake kwantar da masu shaye-shaye ne. Mai kula da wurin ya saurare mu da kyau, amma da ya ji maganar muryar sai ya rufe fayil, ya ce wannan na asibitin ƙwaƙwalwa ne, a fara gyara mata kai sannan a dawo. Muka tafi can. Bayan dogon layi, wani likita da mutane suka yi wa yawa ya ce ba zai gane ciwon ba muddin tana shan kwalba, ta fara dainawa sannan a dawo. Muka fito muka tsaya a bakin titi, ni da ita da mijinta, kowa ya rasa inda zai kalla.

Mijin nata yaron kirki ne, amma direba ne, ba ya wuni a gida. Shi ya roƙe ni in sa sakata a ƙofar ɗakinta ta waje, mai wurin ƙwado, don kada ta fita kemis. Yaya, na sa sakata a ƙofofin mutane ba adadi, ban taɓa jin hannuna ya yi nauyi irin na ranar ba. Tana zaune a bakin gado tana kallona ina ɗaure ƙusoshin. Har ta miƙo min guda ɗaya da ta faɗi.

Yanzu na rufe shago, ina wuni a kan kujera a bakin ƙofar. Ta yi amai, ta yi zufa, ta yi rawar ɗari, wannan duk an ce mana za a yi. Abin da ba a gaya mana ba shi ne muryar za ta ƙaru. Jiya ta jingina da ƙofar ta yi min magana ta tsakanin katako. Ta ce tun tana makaranta take jin abin, ba ta faɗa ba don kada a ce ta haukace. Wata ƙawa ce ta fara ba ta maganin tarin, kuma shi kaɗai ne yake sa muryar ta yi shiru. Ta ce: "Baba, kun ɗauke kwalbar, kun kulle ni da ita."

Uwar mijin kuma ta aiko cewa idan wata ya ƙare babu canji, yarinyar ta zama tata, ɗanta kuma ya san abin da zai yi da aurensa. Ban ga laifinta ba, ita ma jikarta ce, kuma ta ga abin da ta gani. Amma idan aka raba Auta da 'yarta, ban san abin da zai rage mata ba.

Na je na ga amaryata. Ta yi kumatu, ta kama min gemu ta ƙi saki. Na yi dariya a can, na dawo na zauna a bakin ƙofa.

Ƙaninki,
Kafinta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta, amma ki sani tun farko kowa yana raye.

Ranar Talata na fita sayo burodi, ban daɗe ba. Da na dawo sakata tana nan a kulle, ɗakin kuwa babu kowa. Ta cire ragar taga ta fita. Na kira mijinta, ya bar mota da fasinja ya taho. Muka bi kemis-kemis. A na kusa da tasha mai shagon ya sunkuyar da kai ya ce ta zo ta tafi. Mijin ya nufi bakin gada da gudu, kin san abin da yake tsoro. Ni ƙafafuna sun ƙi zuwa can, sai na bi hanyar gidan uwar mijin.

A can na same ta, a tsallaken titi, zaune a kan dakalin wani shagon ɗinki, babu takalmi. Tana kallon igiyar shanya ta saman katanga, inda aka baza 'yan rigunan yarinyar. Kwalbar tana hannunta. Na zauna kusa da ita. Da na duba sai na ga ba a fasa murfin ba.

Ta ce tun da ta zauna take so ta buɗe, muryar kuma tana ce mata ta shiga ta ɗauko yarinyar su gudu, ita kuwa ta ƙi bin ko ɗaya, amma ƙarfinta ya kusa ƙarewa. Ta miƙo min kwalbar, ta ce in kai ta inda za a karɓe ta da abubuwan nan biyu, ko kuwa in mayar mata da kwalbarta.

Ban san irin wannan wuri ba. Na kama hannunta muka koma wurin nas ɗin da ta ceto jaririyar, don ita kaɗai ce ta taɓa tambayarmu ba tare da faɗa ba. Ta ce akwai wani sashe a babban asibiti da suke duba shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa tare, ta kira su a gabanmu. Sun ba ta gado a ranar. Likitar wurin, wata mace mai sanyin magana, ta ce ciwo biyun suna ciyar da juna ne, in an bi ɗaya an bar ɗaya sai wanda aka bari ya jawo ɗan'uwansa.

Watan da aka ba mu ya kusa ƙarewa, Yaya. Ban san ko za a jira mu ba.

Ƙaninki,
Kafinta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin wasiƙa, ban so in rubuta ba sai ina da abin faɗa.

Likitar ta kira mijin da uwarsa ta zaunar da su. Ban san duk abin da ta gaya musu ba, amma washegari tsohuwar ta zo sashen da yarinyar a kafaɗa da gwangwanin madara a jaka. Ta ɗora ta a cinyar Auta, hannunta ɗaya bai bar bayan jaririyar ba har suka tashi. Maganar ƙarshen wata ba ta sake tayar da ita ba, ni ma ban tuna mata ba.

Ba zan ce miki an warke ba. Suna ba ta maganin da ya rage muryar, suna kuma zama da ita da wasu mata masu irin matsalarta. Bayan an sallame ta ta zame sau ɗaya, ta sha. Na zaci za su kore ta. Likitar ta tambaye ta abin da ya faru a ranar, aka gano ta yi kwanaki ba barci, aka gyara maganin. Za ta daɗe tana zuwa asibitin, wataƙila shekaru.

Ranar da na zo da kayan aiki zan cire sakatar, Auta ta ce kada in jefar. Ta sa na yi mata ɗan akwatin katako na ajiye magungunanta, na ɗaura sakatar a jikinsa. Ita ta kulle ƙwadon da hannunta, ta ba mijinta makulli ɗaya, ɗayan kuma ta kai wa uwar mijin. Tsohuwar ta juya shi a tafin hannu, ta ɗaure a bakin zaninta.

Yanzu kullum da safe tsohuwar takan kawo yarinyar ta wuni, ta tafi da ita da yamma. Jiya kuwa da yamma ta yi, sai ta tashi ta ɗauki jakarta, ta ce bayanta yana ciwo, ba za ta iya ɗaukar kaya ba yau, yarinyar ta kwana a nan zuwa safe. Ta fita ba ta waiwayo ba.

Amaryata ta kwana a gadon da na yi mata. Da na je da safe na tarar ta jiƙa katifar sharkaf, wannan ce godiyar da na samu. Ƙofar ɗakin a buɗe take, Auta tana zaune a ƙasa tana haɗa madara.

Ki zo ki gan su, Yaya, ko da gwiwar. Zan yi miki sanda.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Kafinta