Rasuwar Baba Kashe-Mita, Mai Wayarin Layin Teloli

Cikin alhini, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Teloli ta Layin Bayan Kasuwa ta samu labarin rasuwar dattijo mai daraja, uban ƙungiya na girmamawa, Alhaji Malam mai aikin wayarin da kowa ya sani da Baba Kashe-Mita, wanda Allah Ya karɓi ransa a gidansa, cikin iyalinsa, bayan ya sha fama da jinya.

Marigayin bai taɓa riƙe almakashi ba, amma babu telan da ke layin nan da bai ci moriyarsa ba. A da, kowa jan wutarsa yake yi yadda ya ga dama, a murɗe waya a naɗe da leda, a rataye a ƙusa, har ranar da soket ɗin dutsen guga ya kama wuta a shagon Shugabanmu, wutar ta cinye kekunan ɗinki da kayan mutane, saura ƙiris layin ya tafi gaba ɗaya. Baba ne ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, ya fere bakin kowace waya, ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, ya ɗaure wayar ƙasa a mazauninta, ya tattara haɗin cikin akwati mai murfi, sannan ya ware wa dutsen guga soket nasa daban. Tun daga lokacin ba mu sake jin ƙaurin waya ba. Sunan nasa kuwa ya samo asali ne daga sallamarsa, domin kafin a gama amsa masa ya ce, "A kashe mita tukuna, gaisuwa ba ta gudu."

Da tawagar ƙungiya ta je duba shi a jinyarsa ta ƙarshe, ta same shi jingine da matashi, babbar 'yarsa, wadda ya koya wa sana'ar duk da surutun mutane, tana haɗa masa soket ɗin fanka a gefen gado. Ya sa hannu, ya ja wayoyin ɗaya ɗaya, babu wadda ta motsa. Sai ya yi murmushi ya ce mata, "Rufe, uwata, ya yi."

A madadin Shugaba, dattawa da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa Hajiya, da 'ya'ya, da jikoki, da abokan sana'arsa. Muna kuma sanar da cewa ƙungiya ta damƙa wa 'yar tasa kula da wutar layin baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan rashi, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau irin nasa.

Sa hannu:
Malam Dogo Mai Aska,
Kakakin Ƙungiyar Teloli ta Layin Bayan Kasuwa