Kintar Guda na Yajin Baba Gado

Salamu alaikum Hajja Batulu. Don Allah ki taimake ni da shawara, na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na fito tsakar gida sai in rasa abin da na fito nema.

Mu mutanen Madani ne, a nan Sudan. Da yaƙi ya iso mu a ƙarshen 2023 muka gudo Gadarif da yara biyu da kayan jikinmu, muka sauka gidan mahaifin maigidana. A Madani ni ma'aikaciyar kantin magani ce, giram da miligiram na sani. A nan kuwa agashe ne sana'ar gida. Surukina, Baba Gado, a bakin wuta ya tsufa yana gasa nama, kuma yajinsa ne ya yi masa suna. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta yi masa nauyi. Yanzu babbar 'yarsa, Yaya Salwa, ke haɗa yajin, ratal ɗaya ko biyu, da ƙaramin mizaninsa mai duwatsun tagulla. Ni ke taya ta daka.

Sai ga wani mai gidan abinci a Doka, Hamoda, yana son kintar guda, don yankan riɗi ya kama, ma'aikata sun cika gari. Yaya Salwa ta ce ita ratal ta sani, ba ta taɓa haɗa mai yawa haka ba. Na ce a bar mini lissafin. Wallahi Hajja so nake in tsinana wa gidan nan wani abu, na gaji da zaman ci kawai.

Wukiya da dirhami su ne ƙananan awo a ƙarƙashin ratal. A kowane ratal na yajin akwai barkono wukiya biyu, citta wukiya ɗaya, kanumfari dirhami uku, sauran ƙuli-ƙuli ne da gishiri. Na san kintar ratal ɗari ne. Na ninka komai sau ɗari, sannan na yi ta rabawa da goma don in mayar da su ratal. Na auno barkono ratal ashirin, citta goma, kanumfari uku. Aka niƙa a inji, aka ɗora a lori.

Sai kaya suka dawo. Hamoda ya aiko cewa yajin na ƙona baki, ga ɗacin kanumfari, har masu ci na tambaya ko tsohon ya rasu ne. A gaban Baba aka faɗi wannan magana, ya juya fuskarsa bango. Ita ce ta fi ci mini rai.

Yaya Salwa ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Ta ɗauke mizanin ta kai ɗakinta, ta ce yaji ba maganin asibiti ba ne. Maigidana ya ce a watsar da wukiya da ratal a koma kilo kowa ya huta, ita kuma ta ce ranar da aka yi haka an binne sunan ubansu. Hamoda zai ba mu dama sau ɗaya tak kafin a gama yanka. Na maimaita lissafin har na gaji, amsa ɗaya yake ba ni, kuma kunya ta hana ni nuna wa kowa yadda na yi. Har na fara tunanin kwashe yara in tafi wurin ƙanwata a Kassala. Amma gudu nawa mutum zai yi?

Baƙuwa a gidan miji

*

Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye maganar Kassala tukuna, abin bai kai nan ba.

Goma ce ta yaudare ki. Awon kakanninmu ba goma-goma yake hawa ba. Dirhami goma sha biyu ne wukiya, wukiya goma sha biyu ne ratal, sai a kintar ne ake samun ɗari. Wukiya ɗari biyu ta barkono, in kin raba da goma sha biyu, ratal goma sha shida ne da wukiya takwas. Citta ratal takwas da wukiya huɗu. Kanumfari dirhami ɗari uku wukiya ashirin da biyar ke nan, wato ratal biyu da wukiya ɗaya. Kin zuba uku. Shi ya sa ya fi kowa ɗaga murya, sau biyu kika raba shi da goma.

Maigidanki bai yi ƙarya ba, kilo ya fi sauƙi a manyan kaya, kuma ratal bai kai rabin kilo ba, kusan giram ɗari huɗu da hamsin ne. Amma Salwa ma tana da gaskiyarta. Abin da ya rage mata na ƙarfin mahaifinta shi ne duwatsun nan, kuma mace tana jinyar uba ba a fizge mata irin wannan. Ke ma kina da naki laifin: kin karɓi aiki ba ki tambayi mai shi yadda awonsa ke tafiya ba.

Ki same ta ita kaɗai, ki nuna mata inda kika kauce, kada ki tsaya kare kanki. Kayan da suka dawo ba asara ba ne, tunda yaji ne ya yi yawa. A ɗiba kaɗan a ƙara ƙuli-ƙuli da gishiri a ga ko zai daidaita. Kada ku sake haɗa kintar a tashi ɗaya, ku yi ratal goma-goma, ita tana riƙe da mizani, ke kina faɗin adadi. Kowane haɗi a lakata wa Baba a harshe. Magana ce ta yi masa nauyi, ba ɗanɗano ba, kuma zai so a ce har gobe sai ya gyaɗa kai kaya ke fita gidansa.

Sannan ki daina kiran kanki baƙuwa. Baƙo ba ya rasa sukuni don sunan gida ya taɓu. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya haɗa kanku ke da yayarki, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

Hajja Batulu