Jan Farcen da Ke Kan Kafireta

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke durƙusawa ya yi wa mahaifinsa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da hasken makwanci. Mutanen gida duk lafiya lau, sai dai gwiwar Inna da ke tashi in an yi sanyi. Rumfarka ta ƙofar gida a Ƙofar Kaura ba a rufe ta ba, ni nake buɗewa idan na taso daga ofis. Na san wasu za su karanta wannan takarda. Su karanta, amma da kai nake magana.

Dalilin rubuto maka shi ne, injin Baba Ayuba ya dawo gidanmu.

Ka san wanda nake nufi, tsohon injin jirgin ruwan nan da ake tayarwa da igiya, wanda fentinsa ya koɗe tun ina makarantar firamare. Amininka Baba Ayuba, mutumin Kafanchan da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida, har yanzu da shi yake ƙetarar da mutane a dam ɗin Ajiwa ranar kasuwa. Ya tsufa, Baba. Da ya sauke injin daga bayan a-kori-kura, ya daɗe yana kallon bencinka.

Ina tuna yadda ake maka dariya, wai bakaniken injin jirgi a birnin da ba kogi. Kai ko a jikinka. Sai ka cika duro da ruwa, ka ɗaure injin a jikin katako, ka tsoma farfelar, ka ja igiya. Ruwa ya yi ta tsiri, kaji su watse, maƙwabta su rufe tagogi. Kai kuwa ka ɗora tafin hannu a kan murfin, ka karkata kai, ka lumshe ido. Kakan ce, “Inji magana yake, ku ne ba ku jin yarenshi.”

Idan ka gama daidaita sukurun kafireta, wanda ke raba wa inji mai da iska, sai ka ɗiga masa jan farce, don kowa ya san hannunka ya wuce ta nan, kada wani mai karambani ya taɓa. Da kanka kake zuwa tireda ka sayo, ba kunya ba tsoron tsiya. Inna takan ce tunda take ba ta taɓa ganin namijin da ya fi 'yan mata ƙarar da jan farce ba.

To, ga abin da ya faru. Da daminar nan mai ya ƙare wa Baba Ayuba a tsakiyar ruwa, jirgi cike da mata da awaki, ga hadari ya haɗu. Allurar tankin ta maƙale tun tuni, tana nuna akwai mai alhali babu. Da filafili suka ja jirgin zuwa gaɓa, Allah ya kiyaye ba a rasa kowa ba. Labari ya kai wa 'ya'yansa. Suka aiko masa da mita, irin wadda ake sa wa a tiyon mai ta riƙa nuna abin da inji ke sha a kowane lokaci. Suka kuma kafa masa sharaɗi: ko a gyara injin ya daina zuƙar mai haka, ko a sayar wa 'yan gwangwan shi kuma ya tattara ya komo gida. Ni na san in ya bar ruwan nan, ba zai daɗe ba.

Da ka ga yadda na sha fama da mitar, da ka yi dariya har ka riƙe ciki. Na yanke tiyo bayan filta, na saka ta a kwance, lambobi suka yi ta tsalle ba su tsaya wuri ɗaya ba. Ashe a tsaye take so, kibiyar jikinta na kallon sama. Na gyara, ba ta daina ba. Sai na gano tsohon tiyon ya tsage yana shan iska, robar nan da ake matsawa don jawo mai kuma ta bushe ƙamas. Na sauya su, na haɗa mata batirin babur, ta nutsu.

Da ta nutsu, sai ta faɗi abin da ba na son ji. Injin yana shan mai fiye da ƙima.

Na nemi laifin a ko'ina. Na sauya fulogi, na wanke filta, na duba ko akwai inda ke yoyo. Ko'ina na taɓa ban da wuri ɗaya, don na san can abin yake. Sukurun nan yana nan yadda ka bar shi, ɗigon jan farcenka ya yi duhu amma bai tsage ba. Kai ka buɗe masa mai da gangan. Ina tsaye ranar da ka ce wa Baba Ayuba, “Tsoho ba a yi mai rowar abinci. Bari shi ci shi ƙoshi, shi daɗe.” A lokacin fetur bai zama abin da ya zama yanzu ba, shi ma injin bai gaji haka ba.

Baba, duk injunan da ka gyara sun bi duniya, wasu an narkar, wasu sun shiga hannun wasu bakanike. Wannan kaɗai ya rage da saitinka a jikinsa. In na ja igiya, yakan yi tari sau ɗaya, sannan ya kama wata murya mai kauri, a hankali, ba gaggawa. Wallahi ina kewarka. Na yi ta yi wa Baba Ayuba hanya-hanya, yau in ce sauran kaɗan, gobe in ce ina jiran kaya, alhali ba abin da nake jira. Kullum bayan la'asar sai in tayar da injin in zauna a bencinka, ina ƙona man bawan Allah a banza.

Ba ni kaɗai ba ne. Da injin ya tashi, sai in ga Inna ta fito bakin zaure da faranti, ta shimfiɗa tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ita da a da take cewa ƙarar nan za ta kurmantar da ita.

Ranar da Baba Ayuba ya zo ya ce babban ɗansa na tafe da mota, na san wasa ya ƙare. Na tayar da injin, na yi bisimilla, na sa sukundireba. Jan farcen ya tsage ba tare da wata gardama ba. Ina murɗawa a hankali, lambar mita tana sauka, hayaƙi yana raguwa, muryar injin tana sirancewa, har ta zama irin ta kowane inji. Baba Ayuba ya cire hula ya goge ido da ita.

Inna ta saurara na ɗan lokaci. Sannan ta kakkaɓe zanenta, ta ɗauki farantin, ta naɗe tabarmar. Ta ce, “To, yau kam Malam ya tahi.” Ta shige gida.

Injin ya koma ruwa, Baba. Amininka bai bar Katsina ba, mutanen ƙetare suna zuwa kasuwarsu suna komowa lafiya. Na san da kana nan, kai da kanka za ka murɗa sukurun, har ka yi mini faɗan ɓata lokaci. Amma duk da haka, in la'asar ta yi, ban san inda zan sa kaina ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kura-kuranka, ya yalwata kabarinka. Duk wanda injinka ya ƙetarar lafiya, Allah ya sa ladan a mizaninka. Allah ya ba Inna haƙuri, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna Firdausi. Amin.

Naka ɗa mai kewarka,
Habibu