Jan Launi a Gonar Maje

Samaru, Zariya
3 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Baffa Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar? Na ba Lukuman direba wannan takarda ne saboda na san waya tana wahalar maka da kunne, maganar kuma da tsawo.

Baffa, ka san binciken digirina na biyu a kan gonakin Maje ne, yadda gidaje ke cinye su. Akwai hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama kowace shekara. Ina sauke su a kwamfuta, sai wata manhaja ta shafa wa gona kore, ta shafa wa gini ja. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. A bidiyoyin intanet na koya, ina tsayarwa ina maimaitawa. Ran farko ma kasuwar Suleja gaba ɗaya ta mayar mini kogi.

Shekaranjiya na ce bari in leƙa gonar marigayi Baba. Daga 2012 har 2019 kore ce shar. A 2020 sai ja ya shigo ta gabas. A hoton bana, ɗan siririn kore ne ya rage a bakin rafi.

Sau huɗu ina gogewa ina sakewa. Na tambayi manhajar nan mai amsa tambayoyi, ta ce wataƙila gajimare ne. Na sake tambaya, ta ce wataƙila dutse ne. A karo na uku ta ba ni haƙuri ta ce gini ne. Kaina ya kulle. Ko dai gonar wani nake kallo? Don Allah ka sanar da ni halin da gonar take ciki.

Taka 'ya,
Rabi'a

*

Unguwar Magajiya, Suleja
9 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga 'yata Rabi'a,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta, na fahimta. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Gona tana nan. A watan Agusta Yohanna, wanda yake noma ta tun mahaifinki yana raye, ya kawo mini masara kamar yadda ya saba kowace shekara. Na ci, na aika wa mahaifiyarki nata a unguwar Wambai. Ba a cire masara a kan rufin kwano. Yayanki Nasiruddeen kuma shi ke zagayawa, kullum cewa yake komai lafiya.

Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da labarin ƙasa da alli da taswirar bango, ban taɓa mayar da kasuwa kogi ba. Na'urar da ta yi wannan, ina dalilin da za ta hana ki barci? Ga iyakar gonar domin ki gyara: tsamiya babba a yamma, rafi a kudu, hanyar shanu a arewa. Ki nemi malaminki ya duba miki, kada ki kai wa masu jarrabawa kuskure.

Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Abdulsalami

*

Samaru, Zariya
16 ga Oktoba, 2023

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin ka kai ƙarshen wannan takarda.

Na yi murna da amsarka, har na ɗauki kwamfuta na je wurin Dakta Kayode, malamin da ke duba aikina, na ce masa manhajar ta yi ƙarya. Ya ce in nuna masa. Muka buɗe ainihin hoton, wanda ba a shafa wa launi ba, muka yi ta matso da shi. Baffa, na ga tsamiyar. Na ga rafin. Tsakaninsu na ƙirga rufin kwano goma sha ɗaya, har da tankin ruwa.

Dakta ya ce, “Wa ya ce miki gona ce har yanzu?” Na ce Baffana. Ya ce, “Yaushe ya je?” Na rufe kwamfutar na fito.

Na kira Yaya Nasiruddeen. Ya ce yana cikin cunkoson Madalla zai wuce ofis a Abuja, ba ya ji na sosai. Da yamma na sake kira, ya ce, “Ke da kwamfutarki, ki yi karatunki ki bar abin da ba ki sani ba.” Ya kashe.

Yanzu ban san wa zan gaskata ba. In hoton ya yi daidai, masarar daga ina? In kai ka yi daidai, duk taswirorin da na yi na shekara guda shirme ne, ga shi saura wata ɗaya in tsaya gaban masu jarrabawa. Ina zaune a ɗakin karatu ina addu'ar Allah ya sa aikina ne ya lalace.

Ka yafe mini wannan tambaya: yaushe rabonka da taka gonar da ƙafarka?

Rabi'a

*

Unguwar Magajiya, Suleja
22 ga Oktoba, 2023

'Yata Rabi'a,

Bayan sallama. Tambayarki ta ɓata mini rai kwana guda. Washegari na zauna na lissafa, na tarar shekara huɗu ke nan, tun da gwiwa ta kama ni.

Jiya Asabar na ɗauki keke napep har Maje. Da farko ban gane wurin ba, sai da na hangi tsamiyar, tana cikin katangar wani gida, an ɗaura mata igiyar shanya. Gidajen ba goma sha ɗaya ba ne, goma sha uku ne, ana kan ginin biyu.

Na sami Yohanna a bakin rafi yana cirar gyaɗa a ɗan abin da ya rage. Da ya gan ni sai ya ajiye fartanya. Na ce, “Yohanna, mene ne wannan?” Ya ce, “Malam, ai ka sani.” Na ce wallahi ban sani ba. Sai ya ce shekara uku da suka wuce Nasiruddeen ya zo da wasu mutane da takardu da ma'auni. Nasiruddeen ya gaya masa da yardata aka sayar, amma abin yana mini ciwo, kada ya kuskura ya tayar mini da maganar.

Na ce, “To masarar fa?” Ya ce, “Daga gonata ce. Marigayi bai taɓa barin yarana da yunwa ba. Na ce tunda ba ka son a yi maganar, bari in ci gaba da kawowa, kada ka ji kunyata.”

Ni da aka bar wa amanar gadonku, ina zaune ina cin masarar wani, ina kuma rubuto miki darasi. Ki yafe mini. Ban san me ya kai yayanki ga wannan ba, ban kuma san ko mahaifiyarku tana da labari ba. Na aika masa sau biyu, bai zo ba.

Baffanki,
Abdulsalami

*

Samaru, Zariya
27 ga Oktoba, 2023

Baffa,

Ina gaisuwa. Ba ka yi mini laifin komai ba.

Na gaya wa Dakta an je an gani. Ya yi murna, ya ce wannan shaida ce taswirorina sun yi daidai, in saka hoton wurin a babi na huɗu. Bai san gonar wa ce ba. Na fito daga ofishinsa na zauna a kan matakala ina kuka, ɗalibai na wucewa suna tsammanin jarrabawa na faɗi.

In na saka, kamar na tona asirin yayana ne a gaban baƙi. In na cire, na ɓoye abin da na gani. Jiya Umma ta kira tana tambayar karatu, na ce lafiya lau. Ban san ko ita ma lafiya lau ɗin take ce mini ba.

Me zan yi?

Taka,
Rabi'a

*

Suleja
1 ga Nuwamba, 2023

Rabi'a,

Bayan sallama. Kada ki cire komai. Ba sunan kowa a taswira, ki rubuta abin da kika gani.

Nasiruddeen ya aiko cewa zai zo ranar Juma'a bayan masallaci. Na kira mahaifiyarku, na kira Yohanna. Ke ma ki biyo Lukuman ranar Alhamis, ki taho da kwamfutar. Kafin kowa ya buɗe baki, ina so ki nuna mana shekarun nan ɗaya bayan ɗaya. Ki fara da lokacin da ƙanena yake raye.

Allah ya kawo ki lafiya.

Baffanki