Jarumi Mai Koriyar Fuska

Zuwa ga Amarya, matar ƙanina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da ke da abin da ke cikinki. Allah ya sauke ki lafiya. Ni kam ina nan yadda kika sani, wankin ƙoda ya ɗaure ni a garin nan, daga gida sai asibiti.

Na aiko wannan takarda ta hannun Mai kemis ne, domin in na kira wayarki Auta ke ɗauka, maganar kuwa a kansa ce.

Kwalin da ya aiko min ya iso. Kin san tun da ciwo ya raba ni da teburin wasanmu, duk ɗan mutum-mutumin da ya fenta ya ji daɗinsa sai ya turo in gani. Wannan karon jarumi ne mai sulke, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Aikin hannu kam babu abin cewa, ya fitar da ƙusoshin garkuwa ɗaya bayan ɗaya, har tsatsar takobi ya yi. Amma fuskar mutumin koriya ce shar, hannayensa ma haka. Na ɗauka wani aljanin daji ne na cikin labari, sai na ga 'yar takardar da ya haɗo, wai fuskar mahaifinmu ya kwaikwaya, in duba ko ya samo launin fatar.

Ni na koya wa Auta riƙon buroshi, na san idonsa. In tsokanata yake yi, ki faɗa min in yi dariya. In ba tsokana ba ce, to ki tuna motar 'yan makaranta yake tuƙawa kowace safiya.

Na bar ki lafiya.
Yayanku

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Barka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Cikin nan ya yi nauyi, ƙafafuna sun kumbura har takalmin ƙaninka nake sawa.

Na karanta takardarka. Ba tsokana ba ce, kuma na riga ka gani, tsoro ne ya rufe min baki. Mutumin da yake miƙa hannu ya ɗauko kwalbar fenti ko kallonta bai gama yi ba, yanzu sai ya kai ta gaban hanci ya karanta sunan da ke jiki. Na kwalba yana da suna, amma wanda yake haɗawa da kansa a bayan faranti, irin launin fata, wa zai karanta masa?

Ka san yadda suke cika min falo ranar hutu, ƙartai da gemunsu, Malamin lissafi yana jan labari, su Tela da Mai kemis suna jefa 'ya'yan ludo suna matsar da 'yan tsanansu a kan tebur. Na san ba ka so in ce 'yan tsana, ka yi haƙuri. To, rannan Tela ya zo da surukinsa, baƙo ne a wasan. Ƙaninka ya jera mutanen wani ƙauye da ya daɗe yana fentawa, da maƙeri da mai kifi da tsohuwa mai sanda, yana jira a yaba. Bawan Allah ya leƙa ya ce, "Kai, sun yi kyau! Amma me ya sa mutanen garin duk koraye ne?"

Ina riƙe da tire a bakin ƙofa ina jin su. Malamin lissafi ya yi gyaran murya ya ce, "Ai wani maye ne ya lalata musu rijiya, duk wanda ya sha sai ya koma haka." Ƙaninka ya kalli mutanensa ya daɗe, sannan ya yi dariya ya ce, "Ka tona min asiri, Malam, da gangan na yi."

Tun daga nan wasansu ya koma neman maganin rijiya. Sun haye duwatsu, sun kashe dodo mai aman wuta, duk don rijiyar ƙarya, amma an rasa mutum ɗaya da zai ce masa ya je wurin likitan ido. Na tare Mai kemis a waje, ya ce, "Haba Amarya, so kike in ci amanarsa? In makaranta ta ji, aikinsa ya tafi." Ni kuma da na yi masa magana ya ce ƙwan fitilar ɗakin ne ya lalace, ya je ya sayo sabo.

Kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah ka rubuta masa.

Ƙanwarka, Amarya

*

Babban Yaya, Sarkin buroshi,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki? Ka daina musu da nas-nas ɗin nan, ka sha abin da suka ba ka.

Na ga doguwar takardarka, kamar ta lauya. Ashe jarumina ya je ya kai ƙarata! Ka dawo min da shi in gyara masa fuska, kada mahaifinmu ya zo maka a mafarki da ita.

Bari in daina wasa, tunda kai ne. Na sani, Yaya. Na sani tun kafin surukin Tela ya buɗe baki. Ja da kore sun zame min abu ɗaya, wani irin ruwan ƙasa mai duhu, kamar an wanke buroshi a kofi. Da farko ido ɗaya ne, yanzu duka biyun. Da Malam ya ƙirƙiro rijiyar nan na gane duk sun sani, kuma na gode musu da ba su kunyata ni a gaban baƙo ba.

Maganar tuƙi kada ta hana ka barci. Fitilar danja ta sama tsaya ce, ta ƙasa wuce, ko jaki ya san wannan. Hanyar kuwa a tafin hannuna take, na san kowane rami da kowace kwana. Ban taɓa ko goge fentin motar nan ba.

Ka ce in je asibiti. In na je za su rubuta, in suka rubuta makaranta za ta gani. Ba ni da wata sana'a sai sitiyari, ga Amarya ta kusa. Ka bar ni ta sauka lafiya tukuna, sannan in je da ƙafata. Na yi maka alkawari. Kuma don girman Allah ka daina tayar mata da hankali, na san ita ta sa ka.

Ƙaninka, Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa.

Tun da ya ƙi jin maganarka na fara bin motar. Na ce masa likita ya ce in riƙa fita shan iska. Ya kalle ni, na kalle shi, ya share min kujerar bayansa. In mun doshi danja, ko motar gaba ta taka birki, sai in dafa kafaɗarsa. Bai taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Yaran har suna tsokanarmu, wai Baba direba da matarsa ba sa rabuwa.

Jiya Allah ya tsare. Ka san rigar makarantar ja ce, kuma akwai shingen shuke-shuke a bakin ƙofa. Wata yarinya ta sauka ta tsugunna gindin shingen tana ɗaure igiyar takalmi, daidai inda yake juya mota. Ni ina ganinta ƙuru-ƙuru, ja a cikin kore. Shi kuwa ya duba wajen, ya duba sosai, ya saki birki. Ban san lokacin da na kurma ihu na shaƙe masa wuyan riga ba. Tayar ta tsaya dab da jakarta. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba, ta ja jakarta ta ruga aji, ba wanda ya lura.

Da muka dawo gida ya wuce teburinsa, ya ɗauki wani ɗan doki yana shafa masa baƙin fenti, ya gama ya sake shafawa. Na ce, "Ba ka gan ta ba." Ya ce, "Na gan ta." Na ce, "Ka rantse." Ya ci gaba da shafa wa dokin fenti.

Yau a wurin awo an ce jinina ya hau, in kwanta, kada in ƙara hawa mota sai na haihu. Daga can na wuce makarantar, na tsaya a ƙofar ofishin shugaba har maigadi ya kawo min kujera. Na kasa shiga, Yaya. In na faɗa, na karya mijina da hannuna, kuma ba zai ƙara kallona yadda yake kallona ba. In na yi shiru, ɗan wani ne zai tsugunna gindin shingen nan gobe, babu mai dafa kafaɗa. Tsoro nake ji, ban san inda zan sa kaina ba.

Amarya

*

Amarya,

Assalamu alaikum. Allah ya ba ki lafiya. Ki kwanta kamar yadda aka ce, ina roƙonki.

Na karanta takardarki ina kan injin wanki, nas ta zo tana tambayata ko allurar ce ke min zafi. Na roƙi likita ya bar ni in zo ko na yini ɗaya, ya ce in na tsallake wanki kada in dawo masa. Na kira Auta, yana jin inda na dosa ya ce layin wayar ba kyau, ya kashe. Na kira Malamin lissafi, ya ce suna nan suna lallaɓa shi a hankali. A hankali!

Na rubuta wa shugabar makarantar takarda, na manne ta, tana nan ƙarƙashin matashina. Kullum in ɗauko in mayar. Ni na goya yaron nan bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni na riƙe hannunsa ya ja layin farko a kan garkuwa. Ban taɓa zaton hannun nan nawa ne zai ƙwace masa makullin mota ba. Ba zan ce ki yi abin da ni na kasa ba, kuma ba zan ce kada ki yi ba. Wannan ita ce iyakar dabarar babban yaya, ki gafarce ni.

Yayanku

*

Yaya,

Gaisuwa. Amarya ta sauka lafiya, mace aka samu.

An karɓi makullin. Shugaba ta kira ni ofis ta ce wani ya sanar da ita. Ta buɗe baki za ta faɗi ko wane ne, na ce ta bari. Ku biyu ke gare ni a duniya, kai da Amarya, ina so in ci gaba da cin abincin gidana, in ci gaba da gaishe ka. Kada ka faɗa min, ita ma na hana ta.

Na je asibitin. Likita ya ce jijiyar idon ce, kuma abin ba zai tsaya a launi ba. Ya ce duk wanda nake son in gani, in gan shi bana.

Jaririyar ba ta isa tafiya ba, ni kuma ba na barin su. Ka sake roƙon likitanka, Yaya.

Auta